Dandalin da Ya Yi Shiru: Wa Zai Koya wa Yaran Karaye da Rogo Rawar Gidansu?

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Karaye da Rogo ya san daren sha huɗu ga wata bayan an kai amfanin gona gida. An ci tuwo, an kife kwanuka, sanyin kaka ya fara busowa daga fadama. Sai a jiyo tafi daga gindin tsamiya, ɗaya, biyu, kafin wata siririyar murya ta ɗaga, amshi ya rufa mata baya. Nan take yarinya za ta gyara ɗaurin zane ta leƙa ɗakin uwarta: "Inna, na tafi dandali." Uwar kuma amsarta ba ta canzawa: "To, riƙe hannun ƙanwarki, kada ku yi dare."

A manyan biranen duniya, iyaye kan biya kuɗi su kai 'ya'yansu ɗakin koyon rawa, mai madubi a bango da malami mai albashi, sau ɗaya ko sau biyu a mako. A yammacin Kano, makarantar rawa ba ta taɓa neman rufi ko madubi ba. Farin wata ne fitilarta, tafi ne gangarta, yayye da gwaggwanni su ne malamanta, kuma ba a taɓa korar ɗaliba don ba ta biya ba. Yau wannan makaranta ta yi rauni a garuruwa da yawa, a wasu ma ta rufe. Yaran kuwa ba su daina rawa ba. Malami kawai suka canza, kuma sabon malamin yana cikin aljihun yayansu, a fuskar wayar hannu.

Shaidar wata tsohuwa daga Karo

Ƙasar Rogo tana da wata gata da ba kowace ƙasa ke da ita ba: akwai rubutacciyar shaida kan yadda yaranta suka yi wasa tun kafin zuwan Turawa. Shaidar ta fito daga bakin Baba, mutuniyar Karo, wani ƙauye kusa da Zarewa, garin da yanzu yake cikin ƙaramar hukumar Rogo. An haife ta a 1877, ta rasu a 1951. Tsakanin 1949 da 1950, a garin Giwa ta ƙasar Zazzau, ta zauna ta ba Mary Smith tarihin rayuwarta da Hausa, a lokacin da mijin Mary, M. G. Smith, yake bincike kan zaman Hausawa. Littafin ya fito da Turanci a 1954 da sunan *Baba of Karo*, daga baya aka buga shi da Hausar da ta faɗe shi.

Baba ta ga zamanin hare-haren bayi, ta ga yunwa, ta ga shigowar Nasara. Amma da ta zo kan ƙuruciyarta, kiɗa da rawa da waƙa sun cika labarin. Ta ba da labarin 'yan mata suna ado ranar kasuwa da ranar biki, makaɗa suna kiɗa suna takawa, samari da sarautunsu na wasa, 'yan mata da ƙawancensu mai ƙa'ida wanda ake ɗauka har tsufa. Abin lura shi ne, wannan duka ya faru cikin al'ummar Musulmi masu salla da azumi, masu malamai da makarantun allo. Wasan yara yana da lokacinsa, yana da wurinsa, yana da masu sa ido a kansa. Tsohuwa mai shekara saba'in da wani abu ta iya tuno waƙoƙin da ta yi tana yarinya, baiti bayan baiti. Darasin da ya zauna a ƙirji shekara sittin ba tare da allo ko takarda ba, ya cancanci a kira shi darasi.

Abin da ake koya a da'irar gaɗa

Mai wucewa zai ɗauka gaɗa tsalle-tsalle ce kawai. Wanda ya tsaya ya duba zai ga tsari. 'Yan mata kan yi da'ira ko rabin da'ira. Ɗaya tana bayarwa, sauran suna amshi, tafi kuma dole ya faɗi tare. Wadda ta riga ko ta makara, kunnen kowa zai kama ta, ba sai an tsawata mata ba. Ƙaramar yarinya 'yar shekara biyar ba ta shiga tsakiya. Tana gefe tana kallo, tana kwaikwayon tafi da 'yan hannayenta. Bayan wata da watanni ta iya amshi. Bayan shekara ta fara takawa a bayan yayarta. Ranar da aka tura ta tsakiyar fili, ranar ce jarrabawarta, kuma duk unguwa ce ke duba ta.

Akwai wani salo a gaɗa da ya fi kowane nuna hikimar wasan. Yarinya za ta fito tsakiya ta taka, sannan ta juya baya ta saki jiki gaba ɗaya ta faɗa kan ƙawayenta. Su kuma su cafe ta, su cilla ta sama, ta dira da ƙafafunta daidai kan tafi. Ba ta waiwaye kafin ta faɗa. Ta san za a tare ta, domin ita ma ɗazu ta tare wata. Da wuya a sami hanyar koya wa yaro amana da ta fi wannan sauƙi: ka riƙe ɗan'uwanka yau, gobe kai za a riƙe.

Waƙoƙin su ma ba holoƙo ba ne. A cikinsu ake yabon iyaye, a yi wa malalaciya habaici, a yi wa ƙazama ba'a, a faɗi fargabar aure da kewar gida, a kira sunayen garuruwa da kasuwanni. Yarinyar da ta yi shekara biyar a dandali ta fito da kunnen da ya san karin sautin Hausa, da harshen da ya iya sarrafa magana, da ƙirjin da ba ya rawa in an ce ta yi magana gaban mutane. Marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya hango darajar wannan taska tun da wuri, shi ya sa ya tattara jerin littattafansa na *Tatsuniyoyi da Wasanni* don 'yan makaranta. Amma takarda tana adana kalma ne kawai. Taku da juyi da faɗuwar tafi sai jiki ya koya daga jiki.

Daga gaɗa ake wucewa zuwa shantu, wanda 'yan mata da amare ke bugawa a cinya da tafin hannu, sannan kiɗan ƙwarya na matan aure a cikin gida. Irin su Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, da Uwaliya Mai Amada ta Kano, ba daga sama suka faɗo ba. Tsani ne mai matakai, kuma matakin farko yana dandali.

Kowace sana'a da takunta

Su ma maza ba a bar su a baya ba. A ƙasar noma irin wannan, mai dawa da masara da rake, yaro yakan fara jin kiɗa a gona. Ranar gayya, gangar noma ce ke sa garma ta tashi ta sauka tare, kuma saurayin da aka yi wa kirari yakan cilla garmarsa sama ya cafe. Bayan girbi sai kalankuwa, bikin samari da 'yan mata na murnar kaka, ƙarƙashin jagorancin Sarkin Samari. Mahauta na da kalangu, maƙera na da dundufa, maharba na da nasu taken, 'yan dambe da 'yan kokawa kowa da kiɗan da ke tsima shi. Fulanin da ke zaune a rugagen yankin suna da sarewarsu da nasu salon taku. Ɗan mahauci ba ya zuwa wani wuri koyon rawar kalangu, a ƙofar gidansu yake tsintar ta.

In azumi ya kai goma kuma, sai tashe. Yara maza da mata, kowa da ƙungiyarsa, su bi gida-gida da waƙa da rawa da kwaikwayo: wannan ya sa gemun auduga ya zama tsoho, waccan ta yi shigar uwar gida. Tashe wasan kwaikwayo ne da yara suka rubuta da kansu, suka shirya da kansu, suka kuma raba ribarsa da kansu. Da aka haɗa duka, za a ga shekarar yaron karkara tana da jadawalin wasa cikakke, daga damina zuwa kaka, daga azumi zuwa salla.

Yadda tafin ya ragu

Ba dare ɗaya dandali ya yi shiru ba, kuma ba abu ɗaya ya kashe shi ba. Wasu dalilan ma alheri ne. Makarantun boko da na Islamiyya sun yawaita, yarinya tana boko da safe, Islamiyya da yamma, wani lokaci da karatun dare. Babu uba na gari da zai yi kuka da wannan. Sai dai lokacin wasa ne ya biya kuɗin.

Sannan ga gidan kallo ya ja samari zuwa ƙwallon Turai. Ga fina-finan Hausa, waɗanda tun daga *Turmin Danya* na 1990 suka bunƙasa, suka ɗauki salon rawa da waƙa irin na Indiya, har ya zama shi ne rawar da yaro ke gani kullum. A gidan biki, mai na'urar kiɗa da manyan lasifikoki ya ture mai kalangu gefe, domin ya fi arha kuma ya fi ƙara. Daga baya TikTok ya iso, inda salon rawa ke fitowa yau ya mutu jibi.

Ga kuma tsoro. Rogo tana iyaka da jihohin Katsina da Kaduna, kuma labaran satar mutane da suka addabi sassan waɗannan jihohi sun sa iyaye rufe ƙofa da wuri. A birnin Kano, 'yan sanda sun sha dakatar da tashe a shekarun nan saboda 'yan daba da masu ƙwacen waya da ke fakewa da shi. Laifin 'yan tsiraru ya hana dubban yara wasan da kakanninsu suka yi.

Amma ƙishirwar tana nan. Dubi yadda bikin da ake kira ranar ƙauyawa ya yaɗu a gidajen aure, inda 'yan birni ke yin shigar mutanen karkara su yi rawa, har Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta haramta shi a 2025 saboda abubuwan da suka shiga cikinsa. Matasan da ba a koya wa rawar ƙauye ta gaskiya ba, sai suka ƙirƙiro ta bogi, wadda ba'a ta fi yawa a cikinta. In ba a ba yaro tuwon gidansu ba, zai ci na maƙwabta ko da ya kwana.

Damuwar iyaye da malamai

Duk wanda zai kawo zancen koya wa yara rawa a Karaye ko Rogo, dole ya saurari iyaye da kunnen basira. Abin da za su fara faɗa sananne ne: rawa ba sana'ar ɗan mutunci ba ce, ba mu haifi ɗa don ya zama maroƙi ba, 'ya mace kuma kunya ce adonta. Wannan magana tana da tushe. Al'adar Hausa ta daɗe tana jin daɗin makaɗi tana kuma ƙin ba shi 'ya. Malaman jihadi tun zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo sun soki cuɗanyar maza da mata a wuraren kiɗa, kuma tun bayan dawo da shari'ar Musulunci a Kano a 2000, batun rawar namiji da mace tare yake cikin abubuwan da hukumomi suka fi sa wa ido a fina-finai.

Sai dai a raba tsaki da tsakuwa. Abin da malamai suka fi tsananta a kai shi ne cuɗanya, da tsiraici, da batsa a waƙa, da shagala da ke hana salla. Game da kayan kiɗa akwai saɓani tsakaninsu, amma wasan yara mai tsabta yana da gurbi. Hadisai ingantattu sun zo da labarin Nana A'isha tana kallon mutanen Habasha suna wasa da mashi a masallaci ranar idi, da labarin 'yan mata biyu da ke waƙa a ɗakinta ranar idi, Manzon Allah (SAW) ya ce a ƙyale su. Gaɗa kuwa ba ta ma buƙatar ganga, kuma asalinta wasan mata ne zalla. Yaron da ya koyi langa bai zama ɗan langa ba har abada, wanda ya buga ƙwallo a makaranta bai bar karatu ba. Haka yarinyar da ta iya gaɗa za ta zama malama ko ungozoma ko 'yar kasuwa, da gaɗarta a ƙirji.

Tambayar da ke gaban iyaye ta sauya. A da, zaɓi tsakanin rawa da rashin rawa ne. Yanzu zaɓin shi ne: rawar da gwaggo ta koyar a tsakar gida ido na gani, ko wadda baƙo ya koyar ta waya a bayan ɗaki.

Aiki daban, wasa daban

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yara daga shekara 5 zuwa 17 su sami aƙalla minti 60 na motsa jiki kowace rana. Wani bincike da ta jagoranta, wanda aka fitar a 2019 daga ƙasashe 146, ya nuna kashi 81 cikin 100 na 'yan makaranta masu shekara 11 zuwa 17 ba sa kai wannan mizani, kuma mata sun fi maza gazawa: kashi 85 da kashi 78.

Wani zai ce wannan matsalar 'yan birni ce. Yaron garin Turawa da ke taya ubansa jan koma a madatsar ruwan Challawa, ko yarinyar Zoza da ke ɗibar ruwa da daka da talla, wane motsa jiki ya rage musu? Gaskiya ne, jikinsu ba ya zaune. Amma aiki gajiya yake bari, wasa kuwa yana wanke ta. Yaron karkara ba gumi ya rasa ba. Abin da ke neman kuɓuce masa shi ne sa'a guda da zai motsa jiki don jin daɗi kawai, cikin sa'o'insa, ba don an aike shi ba. Wannan ya fi shafar 'ya mace, domin namiji ko ba komai yana da filin ƙwallo. Ita kuwa in dandali ya rufe, ba ta da wani fili.

Abin da wasu suka gwada

A unguwar Ajangbadi ta Legas, wani matashi mai suna Daniel Ajala ya buɗe makarantar Leap of Dance a 2017, yana koya wa yaran talakawa rawar bale ta Turawa kyauta. A 2020 hoton bidiyon ɗalibinsa Anthony Madu, ɗan shekara 11, yana juyi ba takalmi a kan siminti cikin ruwan sama, ya zagaya duniya, har ya sami gurbin karatu a makarantar Elmhurst ta Birmingham a Ingila. A Senegal, Germaine Acogny ta kafa École des Sables a ƙauyen masunta na Toubab Dialaw, inda ake koyar da raye-rayen Afirka, wani filin ma a kan rairayi ake takawa. Darasin Legas shi ne rashin gini ba ya hana farawa. Darasin Senegal shi ne rawar gida ta isa a yi mata makaranta.

Ba sai an je nesa ba ma. A Gidan Ɗan Hausa da ke Nassarawa a Kano, gidan da Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar boko ta farko a garin a 1909, nan Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha take, kuma da ita aka san 'yan rawar koroso, masu ɗaura kayan kacau-kacau a ƙafa suna takawa da sarewa da ganguna. Koroso ta ɗauko daga raye-rayen Hausa da Fulani na karkara, aka tsara ta, aka yi mata horo, ta wakilci Kano a bukukuwan ciki da wajen Najeriya. Jami'ar Bayero tana da sashen nazarin wasan kwaikwayo da fasahohin dandamali. Manhajar firamare da ƙaramar sakandare ta ƙasa tana da darasin al'adu da fasaha wanda rawa da kiɗa ke cikinsa. A Disambar 2024 kuma UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake taskacewa. Dawakin sarakuna sun sami mai kula da su. Tafin 'yan mata ne har yanzu yake maraya.

Ajin da ya dace da mu

Tun Yulin 2024, Karaye da Rogo su biyu kaɗai ne ke ƙarƙashin Masarautar Karaye. Wannan dama ce, domin abin da hakimi da dagaci da mai unguwa da liman suka sa wa albarka, iyaye ba sa ɗar-ɗar da shi. Abin da ake buƙata kaɗan ne. Fili akwai: harabar makarantar firamare, ko babban tsakar gida mai katanga. Lokaci akwai: yammacin Alhamis, ranar da allo ke hutu, tsakanin la'asar da magariba, kowa ya koma gida da sauran haske.

Malamai su ma akwai, sai dai ba a taɓa kiransu malamai ba. A kowace unguwa akwai dattijuwar da ta yi tashen gaɗa a zamaninta, akwai tsohon makaɗin da kalangunsa ke rataye yana shan ƙura. A nemi izninsu, a girmama su da ɗan abin goro na wata-wata daga gudummawar iyaye, a haɗa su da malamar makaranta da za ta riƙe rajista ta kuma rubuta waƙoƙin. Mata su koya wa mata, maza su koya wa maza. A raba ƙanana da 'yan shekara goma zuwa sama, domin abin da ya dace da 'yar shida bai dace da budurwa ba. A tace waƙoƙi, wadda ke da batsa a ajiye ta. Kada a ɗauki hoton ɗan kowa a sa a intanet ba da yardar iyayensa ba. Kada a yi liƙi, kada a kai yara taron siyasa, kada a mai da su 'yan bara da sunan al'ada. Sau ɗaya a shekara, bayan girbi ko da ƙaramar salla, a gayyaci iyaye su ga abin da 'ya'yansu suka koya, iyaye mata a wurin 'yan mata.

Abu ɗaya ne ba zai jira ba: masu ilimin. Gini ana iya yin sa baɗi, kuɗi ana iya samu wata shekara. Amma matan da suka yi gaɗa kafin talabijin ta shigo ƙauye yanzu jikoki suke goyo, kuma duk wadda aka kai makwancinta ta tafi da waƙoƙin da babu su a kowane littafi. Baba ta Karo ta yi sa'a ta sami mai rubuta nata. Sauran tsofaffin Zarewa da Fulatan da Yammedi da Kurugu, littafinsu ɗaya ne, shi ne jikokinsu.

Don haka aikin ba sai an jira gwamnati ba. A wannan Alhamis ɗin ma, uwa na iya shimfiɗa wa surukarta tabarma a tsakar gida, ta tara 'ya'yanta da na maƙwabta, ta ce: "Iya, nuna musu yadda kuke yi." Tsohuwa za ta yi dariya ta ce ƙafa ta mutu, gwiwa ba ta ɗauka. A ƙyale ta, a fara tafi kawai. Kafin a je ko'ina za a ji ta tana gyara wa yara amshi.